Na Haddace Ƙa'idar, Amma Rubutuna Bai Gyaru Ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyya, kuma duk rahotannin da nake miƙawa da Turanci ake rubuta su. Wata shida ke nan ina fama da abin da ake kira "passive voice". Na haddace ƙa'idar, kuma idan aka ba ni jimla ashirin aka ce in juya su, da wuya in kuskure ko ɗaya. Amma da zarar na zauna rubuta nawa rahoton sai komai ya watse. A makon jiya malamin da ke duba aikina ya ja jan layi a ƙarƙashin "The reaction was occurred", da "The samples was collected", da "I was explained the method". Abin da ya ƙara rikita ni shi ne, shi yana so in yi amfani da wannan siga wajen bayanin gwaji, alhali manhajar da ke duba rubutu a kwamfutata kullum cewa take in guje ta, kuma wani malamin Turanci ya taɓa gaya mana cewa rubutun ragwaye ce. Na fara jin kunyar miƙa aiki, har ina tunanin ko ba ni da kan koyon harshe ne. Wa zan bi, kuma wane irin atisaye ne zai amfane ni?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Zan fara da maganar kan koyon harshe domin mu kawar da ita gefe. Wadda take juya jimla ashirin ba tare da kuskure ba, take kuma karanta littattafan kimiyya da harshen da ba da shi ta tashi ba, ba a ce mata marar kai. Na duba kurakurai ukun da kika turo, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito daga rashin fahimta. Ruwa ba ya tsami banza: kowannensu yana da saiwa a Hausa, kuma idan kika ga saiwar, gyaran zai zo miki da sauƙi fiye da yadda kike zato. Domin mu fahimci juna, jimlar da ke farawa da wanda ya yi aiki zan riƙa kiranta sigar aikau, ita kuwa wadda ke farawa da abin da aikin ya faɗa wa, wato wadda kike tambaya a kanta, zan kira ta sigar karɓau.

Abin da ya sa atisayen juya jimla bai bi ki zuwa teburin rubutu ba shi ne, a cikinsa an riga an yi miki mafi wuyar aikin. Wanda ya tsara tambayar shi ya zaɓi aikatau, ya tabbatar irin wanda ke juyuwa ne, ya tsayar da lokaci, sannan ya yanke hukuncin cewa a juya. Abin da ya rage miki shi ne ki ɗauko karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ki kai shi gaba, ki sa "be", ki biyo da siga ta uku ta aikatau, kamar "written" a jerin "write, wrote, written". A rahotonki kuwa babu wanda ya yanke miki ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, kuma dole ki yanke su duka a lokaci guda alhali hankalinki yana kan ma'aunin zafi da sakamakon gwaji. Har ila yau atisayen yana cusa wa mai koyo wata fahimta da ba daidai ba, cewa kowace jimla ta wannan siga sai ta ƙare da "by" da sunan mai aikin. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban nahawun Turanci da suka fitar a 1985, sun ƙiyasta cewa kusan huɗu cikin biyar na irin waɗannan jimloli ba sa ambaton mai aikin ko kaɗan. Ke nan kin shafe wata shida kina gina nau'in da ya fi ƙaranci a rubutun gaske.

Tambayar da ya kamata ki koyi amsawa ita ce me ya sa marubuci ke zaɓar wannan siga. Duba jimloli biyu: "Alexander Fleming discovered penicillin in 1928" da "Penicillin was discovered by Alexander Fleming in 1928". Labarin ɗaya ne, amma ba wuri ɗaya suke zama ba. Ta farko tana dacewa da sakin layin da ke magana a kan rayuwar Fleming, ta biyu kuwa da sakin layin da tun farko maganin yake bayani a kai. Mai karatu yana son jimla ta fara da abin da ya riga ya sani, ta ƙare da sabon labari. Mu a Hausa muna da hanya mai sauƙi ta yin wannan, sai mu ce, "Maganin nan, Fleming ne ya gano shi." Rubutaccen Turanci ba ya sakin jiki da irin wannan jan kalma zuwa gaba, saboda jerin kalmominsa a ɗaure yake, don haka yakan nemi sigar karɓau ta yi masa wannan aiki. Shi ya sa bayanin gwaji ya cika da ita. A "The solution was heated for ten minutes. It was then cooled and filtered", ruwan sinadarin ne abin magana daga farko har ƙarshe, kuma sanin wanda ya kunna wuta ba ya ƙara wa mai karatu komai.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinki, domin kina yin sa kullum da kalmar "an". Idan kika ce an rufe hanya, ko an ɗage jarrabawa, kin ajiye mai aikin ne saboda ba ki san shi ba, ko kowa ya san shi, ko saninsa ba shi da amfani. Waɗannan dalilai uku su ne dai dalilan Bature. Har lokutan ma suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa: ana rubutawa yanzu shi ne "is being written", za a rubuta shi ne "will be written", akan rubuta shi ne "is usually written", dole a rubuta kuma "must be written". An haife ni shi ne "I was born", kuma wanda ya tuna da wannan "an" ba zai taɓa rubuta "I born" ba. Wuri ɗaya da za ki yi hattara shi ne "an rubuta", domin yana ɗaukar "was written" da "has been written" duka biyun. Idan kin ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar jiya ko 1928, na farkon za ki ɗauka.

Sai dai wannan gada ba ta kai har ɗaya gaɓar ba, kuma kurakuranki uku sun faɗa ne daidai inda ta ƙare.

Mu ɗauki "The samples was collected". A Hausa, abin da aikin ya faɗa wa yana nan a matsayinsa na karɓau ko da an sa "an". Muna cewa an kama shi, an kama su, an kama ta, kuma "an" ba ta motsawa ko mutum ɗaya aka kama ko ɗari. A Turanci kuwa karɓau yana tashi daga kujerarsa ya hau kujerar farko ta jimla, kuma duk wanda ya hau wannan kujera shi ne aikatau ke bi: "he was arrested", "they were arrested". Kunnenki ya saba da kalma ɗaya da ba ta canzawa, shi ya sa hannunki ke sa "was" a duk inda zuciyarki ta ce "an". Daidai shi ne "The samples were collected". Kuskuren yakan fi ɓuya idan sunan ya yi tsawo, kamar a "The temperature of the samples", inda kalmar da ke kusa da aikatau jam'i ce amma ainihin abin magana tilo ne, wato zafin, don haka "was" yake nema.

"I was explained the method" ya fi ban sha'awa, domin a nan Hausa ta yi miki jagora daidai sau huɗu sannan ta yaudare ki a na biyar. An ba ni shi ne "I was given", an gaya mini "I was told", an nuna mini "I was shown", an koya mini "I was taught". Duk mai hankali zai ci gaba ya ce an bayyana mini shi ne "I was explained". Abin da ya hana shi ne, aikatau huɗun farko suna karɓar mutum kai tsaye a sigar aikau, ana cewa "give me the book", "tell me the story". Shi kuwa "explain" ba ya taɓa mutum sai ta hanyar "to", don haka mutum ba zai iya hawa kujerar farko ba, sai abin da aka bayyana: "The method was explained to me". Haka "suggest", "describe" da "say" suke. Ba su da yawa, kuma kin fi samun riba idan kika haddace su cikin cikakkiyar jimla ɗaya kowannensu.

Na bar "The reaction was occurred" a ƙarshe saboda shi ne ya fi zurfi. Masu koyon Turanci daga harsuna masu nisa da juna, har da Japananci da Sinanci, suna yin wannan kuskure, kuma dalilinsu guda ne: abin da ke farkon jimlar bai aikata komai ba, abu ne ya same shi, sai zuciya ta ji cewa lallai sigar karɓau ce ta dace. A wurin Bahaushe akwai ƙarin abin da ke jan sa. Ya auku da ya faru suna da ƙira ɗaya da ya gyaru, ya tsaru, ya ginu, wato rukunin aikatau masu ƙarewa da wasalin "u", wanda F. W. Parsons ya sa a matsayi na bakwai a tsarin da ya yi wa aikatau na Hausa a 1960. Yawancin 'yan wannan rukuni suna nuna abin da aiki ya tabbata a kansa, don haka ba abin mamaki ba ne a ji ya auku kamar ɗan'uwan ya gyaru, a nema masa "was". Kuma "an" tamu ba ta buƙatar karɓau ko kaɗan, muna cewa an zo, an tafi, an yi dariya. Turanci ba shi da wannan 'yanci. Idan babu karɓau da za a ɗauko a kai gaba, babu sigar karɓau. Gwajin yana da sauƙi: ki sa "somebody" a gaban aikatau, ki sa "something" a bayansa. "Somebody collected something" ya zauna, saboda haka "was collected" ya halatta. "Somebody occurred something" bai zauna ba, saboda haka sai "The reaction occurred". Haka za ki samu da "happen", "die", "arrive", "disappear", "exist", "rise" da "take place". Akwai kuma 'yan kaɗan da ke da karɓau amma duk da haka ba sa juyuwa, irin su "resemble", "lack" da "have" mai ma'anar mallaka.

Yanzu ga inda Hausa za ta zame miki alƙali, kuma ina ganin wannan shi ne abu mafi amfani da zan gaya wa mai rubuta rahoton kimiyya. Akwai aikatau na Turanci da yawa da ke tafiya ta hanya biyu, kuma ma'anar tana canzawa. "The temperature increased" yana nufin zafi ya ƙaru. "The temperature was increased" yana nufin an ƙara zafi. Na farko sakamako ne da kika lura da shi, na biyu mataki ne da kika ɗauka da hannunki, kuma mai karanta rahotonki zai fahimci gwajin dabam gwargwadon wanda kika rubuta. Babu manhajar da za ta ja miki layi a nan, domin duka biyun Turanci ne mai kyau. Ke kaɗai kika san abin da ya faru a ɗakin gwaji. To ki tambayi kanki da Hausa: ya ragu ne ko an rage shi? Ya narke ne ko an narkar da shi? Ya fashe ne ko an fasa shi? Idan amsar ta fara da "an", ki sa "was" ko "were" da siga ta uku. Idan ta fara da "ya" ko "ta" ko "sun", mafi yawan lokaci aikatau shi kaɗai ya isa. Hausa ta raba waɗannan biyu da ƙirar kalma tun kina yarinya, kuma wanda Turanci ne harshensa na farko ba shi da wannan ma'auni a bakinsa.

Irin wannan fifiko kike da shi a jimla kamar "The door was closed", wadda a Turanci take iya nufin an rufe ƙofa, take kuma iya nufin ƙofa a rufe take. Idan aikin rufewar kike nufi, ki ƙara lokaci ko mai aikin domin mai karatu ya rarrabe. Wani bambanci kuma shi ne "an" tamu mutum take nufi, ba ma cewa an yaye rufi idan iska ce ta yaye shi, alhali Bature yana cewa "The roof was blown off by the wind" hankalinsa kwance.

Sai tambayarki ta wa za ki bi. Gargaɗin da malamin Turancinku ya yi muku tsoho ne, kuma an san inda ya samo ƙarfinsa. William Strunk, malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya sa umarnin amfani da sigar aikau a ɗan littafin salon rubutu da ya buga wa ɗalibansa a 1918, wanda E. B. White ya faɗaɗa a 1959 har ya bazu a makarantu. George Orwell kuma, a wata maƙala ta 1946, ya ce kada a yi amfani da sigar karɓau a inda ta aikau za ta yi. Amma Strunk da kansa ya rubuta a wannan wuri cewa ba yana nufin a jefar da ita gaba ɗaya ba ne, domin sau da yawa tana da amfani, wani lokaci ma dole ce. Masanin harshe Geoffrey Pullum ya nuna a 2009 cewa uku daga cikin misalai huɗun da littafin ya kawo a matsayin abin gudu ba sigar karɓau ba ne ma sam. Shi kuwa Orwell, jimlar farko ta maƙalar tasa tana ɗauke da "it is generally assumed", wato abin da yake hana wasu. Ban kawo wannan don in raina su ba, marubuta ne na gaske. Na kawo shi ne domin ki ga cewa ko masu kafa dokar ba su iya rubutu da ita a matsayin haramci ba.

Akwai gaskiya a cikin gargaɗin, kuma Bahaushe ya san ta sarai. Idan shugaba ya tashi ya ce an yi kuskure, kowa a wurin ya san abin da ya ƙi faɗa. A watan Janairun 1987, da Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, yake jawabi ga majalisar dokokin Amurka a kan badaƙalar sayar wa Iran makamai, cewa ya yi "serious mistakes were made", bai ce wa ya yi su ba. Laifin yana ga ɓoye wanda ya kamata a ambata, kuma ana iya wannan ɓoyon da sigar aikau ma, kamar a ce "mistakes happened". Saboda haka abin da za ki tambayi kanki a kowace jimla shi ne ko mai karatu yana buƙatar sanin mai aikin. Idan yana buƙata, ki ambace shi. Idan kika rubuta "it is believed" a rahoto, mai dubawa yana da haƙƙin ya tambaye ki wa ya yi imanin, ke ce ko wani mai bincike.

Malamin da ke duba aikinki yana kan al'adar fanninsa. Binciken da Douglas Biber da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, bayan ƙirga miliyoyin kalmomi na Turancin gaske, ya nuna cewa kusan kashi 25 cikin 100 na aikatau a rubutun ilimi suna zuwa da sigar karɓau, alhali a hira ta baki ba su wuce kusan kashi 2 ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa kallon fina-finai da sauraron hira ba za su koya miki ita ba, sai karatu. Duk da haka al'adar ba a daskare take ba. Mujallar kimiyya ta Nature tana gaya wa marubutanta cewa ta fi son sigar aikau, kuma maƙalar da James Watson da Francis Crick suka buga a cikinta a 1953 a kan ƙirar DNA da "We wish to suggest" ta fara. Shawarata ita ce, a sashen hanyar gwaji ki bi malaminki ba tare da jayayya ba, domin a nan kayan gwajin ne abin magana. A sashen da kike fassara sakamako da bayyana ra'ayi, ki tambaye shi ko sashenku ya yarda da "we" ko "I", idan ya yarda ki yi amfani da su. Ita kuwa manhaja, yawancin irinta ƙirar jimla suke gani, ba sa auna abin da jimlar baya ta faɗa, kuma galibi akwai wurin kashe wannan gargaɗi. Ki kashe shi, ki bar na kuskuren harafi.

Game da atisaye, ki daina juya jimlolin wasu daga yau, kin gama da wannan mataki. Ki ɗauki maƙala ɗaya mai kyau a fanninki, wadda malaminki ya yaba, ki zaɓi sakin layi biyu daga sashen hanyar gwaji. Ki ja layi a ƙarƙashin kowace sigar karɓau, kina tuna cewa ba kowace "was" ce alamarta ba: "was heating" sigar aikau ce, "was heated" ita ce ta karɓau. A gefen kowace ki rubuta da Hausa dalilin da kike ganin ya sa marubucin ya zaɓe ta. Bayan haka ki fassara sakin layin zuwa Hausa, ki rufe maƙalar, ki bar fassarar ta kwana biyu, sannan ki mayar da ita Turanci ba tare da leƙa asali ba. Idan kika ɗora naki kusa da na marubucin, duk inda kuka saɓa darasi ne da aka yanka daidai da ke, wanda babu littafin da zai ba ki irinsa. Wannan aiki yana da gajiyarwa, kuma a makon farko zai nuna miki kurakurai fiye da yadda kike so ki gani. Na fifita shi ne saboda yana tilasta miki yanke hukunce-hukuncen nan da na ce atisayen juyi yana yanke miki.

Dalilin da ya sa na nace a kan ki rubuta da kanki yana da tushe a bincike. Merrill Swain ta lura a Kanada, ta kuma rubuta a 1985, cewa yaran da suka shafe shekaru ana koya musu duk darussa da Faransanci suna fahimtar harshen sosai, amma nahawunsu yana nan da giɓi idan suka zo magana ko rubutu, saboda ba a cika matsa musu su fitar da harshen daidai ba. Fahimta tana iya tsallake ƙananan kalmomi irin su "was" da "were" ta kai ga ma'ana, rubutu kuwa ba ya iya tsallake su. Saboda haka sau biyu ko uku a mako ki rubuta jimla takwas zuwa goma a kan wani aiki da kika yi da hannunki a ɗakin gwaji a ranar, mataki bayan mataki. Minti goma sha biyar a kullum ya fi awa biyu a rana ɗaya, abin da Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa tun 1885, ya ga cewa maimaicin da aka rarraba a kwanaki ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Siga ta uku ta aikatau marasa bin ƙa'ida ba ta buƙatar dogon bayani. Kusan ɗari biyu ne ake amfani da su, kuma waɗanda fanninki ke buƙata ba su kai rabin haka ba. Ki tara su dangi-dangi bisa sauti, "written" da "driven", "brought" da "taught", "cut" da "set", ki riƙa faɗarsu da ƙarfi cikin jimla. Ki lura kuma da "been" da "being", waɗanda kunne ke haɗawa: "been" yana bin "has", "have" ko "had", shi kuwa "being" yana bin "is", "are", "was" ko "were". Idan "is being built" ta yi miki nauyi a baki, ki sani cewa ta yi wa Turawan ma. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 ta fara bayyana a rubutu, kafin nan "the house is building" ake cewa, kuma masu nahawu na ƙarni na 19 sun daɗe suna kushe ta kafin ta zauna.

Maganar kunya kuma, jan layi uku a rahoton digiri na biyu ba abin ɓoye fuska ba ne, kuma jinkirta miƙa aiki zai cutar da ke fiye da kowane kuskuren nahawu. Ki buɗe littafi na musamman, duk jimlar da aka ja wa layi ki rubuta ta, ki rubuta gyararriyar a ƙasa, ki rubuta dalilin da Hausa cikin kalma biyar ko shida. Bayan wata ɗaya za ki ga cewa kurakuran ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne ke ta dawowa da tufafi dabam-dabam. Ki roƙi malaminki, cikin ladabi, ya riƙa ja miki layi kawai ba tare da ya rubuta gyaran ba, domin gyaran da kika nemo da kanki shi ne zai zauna.

Rahoton da ke gabanki yanzu, ki rubuta shi hankalinki yana kan kimiyya, kada ki tsaya auna kowace jimla. Idan kin gama ki bar shi ya kwana, sannan ki karanta shi sau uku, kowane karatu da abu ɗaya da kike nema. A na farko ki tsaya a kowace "was" da "were" ki nemo sunan da take bi, tilo ne ko jam'i. A na biyu ki yi wa kowane aikatau gwajin "somebody" da "something". A na uku ki tsaya a "increase", "decrease", "change", "melt" da "dissolve", ki tambayi kanki da Hausa ko ya ƙaru ne ko an ƙara shi. Daga nan ki miƙa. Allah Ya ba da sa'a.